Gurbin Sana'a

Takardar masu tallafi ta iso Tawa ran Talata,
shafi huɗu, da wani ɗan gurbi
da bai kai faɗin yatsa biyu ba:
a rubuta sana'ar kowane shugaba.
Ni ne magatakarda. Na cire wa alƙalami hula,
na zauna gindin bedin da muke taro.

Nomau na fara tambaya.
Shekara talatin da ɗaya yana ginar rijiya
daga Kalfu har bayan Badagishiri.
Bai san baƙi ba, igiya ya sani.
Ya ce wadda ubansa ya gina gaba tara
shi ya yashe ta har sha huɗu,
bara kuma jikansa ya ƙara wa guga ƙulli biyu.
Ya ce, rubuta wannan.
Na ce, gurbin ba ya ɗauka.
Ya ce, to wa zai gaya musu ruwa na gudunmu?

Inna Sahiya ungozoma ce.
Yawancin samarin da ke haƙar rabin-wata a fako
ita ta yanke musu cibi,
shi ya sa ba mai iya ce mata ya gaji.
Yanzu gandun dashe ke hannunta,
leda dubu uku, gawo da bagaruwa da aduwa.
Takan danna yatsa a ƙasar leda
kamar mai taɓa maɗigar jinjiri,
ta ce, wannan ya kama, wancan a kai shi inuwa.

Sai Agali.
Alƙalami ya daɗe a sama kafin ya sauka.
Direban kamyo ne, kuma itace ya yi ta ja,
shekara sha bakwai, lodi bisa lodi,
har dajin yamma da garinsu ya koma tafin hannu.
Na ce, ko in sa direba kawai?
Ya gyara rawani, ya ce, sa har da itacen.
Duk kututturen da ke tsakanin nan da Tabalak
ya san ranar da ya faɗi.
Shi ke kai mu, ya durƙusa, ya ware toho:
ku bar uku, ku sassabe saura.

Ma'ajinmu Kadaɗe tsohon ɗan duwan ne.
Ranar zaɓe an ce an ba kura ajiyar nama.
Damina huɗu ke nan, dala ba ta ɓata ba,
sai dai ko kwandon taki aka shigo da shi
sai ya zazzage ya ga abin da ke ƙasa.

Zali kaɗai gurbin ya yi wa daidai,
kalma guda: injiniya.
Ta dawo daga Yamai da ma'aunin ruwan sama
da littafi cike da lissafi.
Kwana uku suna musu da Nomau,
ran na huɗu suka shimfiɗa igiyarsa a ƙasa,
ta auna, ta duba littafi, ta yi shiru,
shi ma ya yi shiru.
Ba wanda ya so ya zama mai gaskiya.

Saura ni.
Kafin wayar hannu ta karya mini tebur
wasiƙa nake rubuta wa mutane a ƙofar gidan waya,
zuwa Abijan, zuwa Kwatano, zuwa Sabha.
Bayan gaisuwa mai yawa, layi ɗaya ne kullum:
damina ba ta yi ba, ka aiko.
Na rubuta shi har hannuna ya daina tambayata.
Akwai wani layin da nake tanadi,
ban samu wanda zai sa ni rubuta shi ba tukuna:
ka dawo, gona ta amsa.

Na juya takardar, bayanta fari fat,
na fara daga gaba tara.
Ban kai sha huɗu ba Inna Sahiya ta ƙwala kira,
amalanken ruwa ya iso, jakin na haki,
kowa ya tashi ya ɗau bokiti.
Na danne takardar da dutse.