Shayin Dorina

A filin jirgin Manchester, ta bakin tafinta,
jami'i ya ce wurin wa na zo.
Na ce wurin yarinyar nan, ta sauka.
Ya ce sunanta.
Na sunkuyar da kai.
'Yar fari ce. Shekara talatin da ɗaya
bakina bai kama sunan nan ba,
sai yau, don wani yaro mai jan kunne?
Wai kuma in dube shi cikin ido.
Wa ya yi renonsa?
Tafinta ya danne dariya, ya karanto daga takarda.
Na wuce da kunyata a ƙulle,
daddawa kaɗai suka riƙe.

Leeds: ruwa ba damina,
magariba na taka ƙafar la'asar.
Maƙwabciyarmu tsohuwa ce, wai Doreen.
Na ce Dorina? Wannan sillen karan?
Da safe na jero mata gaisuwa ta kan shinge:
kwana, gajiya, sanyi, mai gida, yara.
Ta miƙo kalma ɗaya, ta ja ƙofa,
kamar na ba da dubu an ba ni canjin kwabo.

Ran nan ta yafito ni ciki.
Ta ɗaga kofi, ta ɗaga gira.
Na girgiza kai, na gyara zama,
ina jiran tayi na biyu.
Sai ta mai da kofin kabad.
Ta sha nata, har da biskit,
ina kallon kyanwarta, kyanwa na kallona.
A garinmu a'a ta farko sallama ce,
ta biyu ladabi,
a ta uku hannu ke miƙewa.
A nan a'a ba ta da ƙanne.

Wata Laraba motar asibiti ta tafi da mijinta.
Ba ta dawo da shi ba.
Na leƙa: ba tabarma, ba takalma a ƙofa,
labule kawai a sake.
Yarinyar nan ta ce, Inna, nan kati ake turawa,
ba a zuwa sai an yi waya.
Na yafa mayafina.

Ta buɗe, ido kamar gauta.
Na wuce kujera, na zauna ƙasa.
Na ce, ya haƙuri, Dorina.
Ba ta ji ba. Ta ji.
Muka yi shiru, agogon bango na yi mana tafinta,
takalmin mamacin na nan gefen murhu,
ɗaya ya kife.

Can ta tashi ta ɗora buta.
Ta ɗaga kofi.
Kaina ya riga ni, ya girgiza.
Ta tsaya, ta dube ni, ta daɗe.
Ta sake ɗagawa.
Ta kuma.

Tsararo ne, ba sukari.
Na shanye har ƙasa.