Layin Da Ba Ya Sauka

Ƙarfe biyun dare a Yaba,
janaretan maƙwabci yana tari,
ni da kwamfuta da shayin da ya huce.
Tireloli ɗari huɗu da sha bakwai
sun koma ɗigo-ɗigo a kan allo
kamar an watsa wa kaji gero.

A kwance, awannin da mota ta ci a hanya
daga Kadawa zuwa Mil Sha Biyu.
A tsaye, kwando nawa ya ruɓe.

Da farko na sakar wa manhajar mara.
Sai ta zana mini tafiyar maciji,
ta hau, ta gangara, ta sake hawa,
wai a awa ta hamsin tumatir kan farfaɗo,
ya miƙe cikin kwando ya gyara riga.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ko Iya Risika mai kasawa a bakin titi
ta san ruɓaɓɓe ba ya komawa ɗanye.

Na gindaya mata sharaɗi:
layin nan ya hau, ko ya tsaya cak,
amma kada ya kuskura ya sauka.
Ta bi.
Duk inda ɗigo biyu suka yi gardama
sai ta zaunar da su benci ɗaya,
ta raba musu bambancin,
har layi ya fito hawa-hawa
kamar matakalar gadar Ojota.
Na ƙara da cewa ta goge masa kaifi.
Ya lanƙwasa, ya yi kyau, har na so shi.

Saura ɗigo ɗaya.
Can ƙasa, shi kaɗai, ya ƙi shiga sahu:
awa saba'in da ɗaya, kwando uku kacal.
Sallau Bagwai, in ji takardar.
Yatsana ya je kan maɓallin sharewa
ya dawo.

Da safe na hau danfo,
na sha cunkoson Ketu, na taka taɓo,
warin albasa ya yi mini jagora.
Na same shi ƙarƙashin tirela, kan tabarma,
yana sakace da tsinken ashana.
Na nuna masa ɗigonsa a waya.
Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Wannan ni ne? Ɗan mitsitsin nan?
Mota ce ta lalace mini a Mokwa.
Kwana biyu gindin mangwaro.
Na kwance kaya, ni da yarona,
nunannun muka sayar wa matan garin,
masu ƙarfin muka taho da su.
Ba tumatir ne ya warke ba, Malama,
ni ne ban zauna jiran sa ba.”

Yanzu dare ya sake yi.
An kawo wuta, fanka na juya takardu.
Sharaɗin yana nan, ban cire ba,
layin yana hawa abinsa, yana da gaskiya.
Ɗigon ma yana nan.

Na buɗe sabon gurbi a gefen alƙaluman
don abin da direba ke yi idan hanya ta tsaya.
Manhajar ta ce in ba shi suna,
gajere, ba tazara.
Na yi ta tunani har ladanin Alagomeji ya kira.
Na rubuta: sallau.