Tsakuwar Gujiya

Ƙarfe biyu na dare a Peterborough,
na dawo daga aikin sito, ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi,
sai na ji wani ɗan kuka daga kicin,
siriri, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba.

Gujiya ce, ɓeran masar ɗin Rumasa'u.
Ta takure a kusurwar keji, baya a tanƙware,
tana yunƙurin fitsari, fitsari ya ce bai san zancen ba.
Abin da ya fito bai cika murfin kwalba ba,
kuma a kan farin tawul ɗin da muke shimfiɗa mata
ga ɗigo uku, ja kamar zoɓo.

Ni ne fa na yi dariya ranar da aka kawo ta.
Na ce a Funtuwa kyanwa ake kira wa irin wannan,
ba a raɗa masa suna.
Ni ɗin ne kuma, kullum da yamma, a ɓoye,
nake tura mata ɗanyen alayyafon da uwargida ta ware don miya,
damƙi guda, wata rana biyu,
don ina son guɗar da take yi in ta ji motsin leda.

Da safe muka hau bas, kwali a cinyar yarinya,
yatsanta ɗaya a cikin hujin da muka yi don iska.
Likitar dabbobi, Misis Holroyd, ta nuna mana hoton ciki:
ga haƙarƙari kamar haƙoran matsefi,
ga wani farin abu can ƙasa, a mafitsara,
bai kai ƙwayar wake ba.

Ta tambayi abin da muke ba ta.
Rumasa'u ta lissafa: busasshiyar ciyawa, kokwamba, tattasai.
Na dubi takalmina.
Na ce, da alayyafo.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ce ganyen yana da sinadarin gina ƙashi da yawa,
su kuma ta fitsari suke zubar da rarar,
in ta taru sai ta dunƙule.
Ta ce in leƙa cikin butar shayinmu:
farin ɓawon nan da ke manne a gindinta,
ruwan garin ne mai alli, wataƙila shi ma da hannunsa.

Tiyata, fam ɗari takwas.
Na so in juya shi zuwa naira, kaina ya ƙi.
Kuɗin kwanon ɗakin Inna ke nan, kafin damina.

Sai na tuna wata tabarma a Zariya,
shekara goma sha ɗaya baya,
ƙato da gemu yana birgima, tsakuwa a ƙoda,
yana kiran uwarsa ba kunya a gaban baƙi.
Ni ina da bakin kira.
Wannan, kilo guda na gashi da tsoro,
sai ɗan kukan ƙyaure.
Na miƙa kati.

Kwana biyar muna ɗura mata abinci da sirinji,
ruwa tatacce, magani a kan lokaci,
ciki a aske, ɗinki kamar na bakin buhu.
Likita ta ce tana iya dawowa, mu sa ido.
Tsakuwar tana cikin 'yar kwalba a kan taga,
mai kaushi, launin ƙasar rairayi.

Na kira Inna, na ce kwano sai wata mai zuwa.
Na yi niyyar ɗora wa haraji laifi,
amma harshena ya faɗi gaskiya.
Ta yi shiru, har na ɗauka layi ya yanke,
ina jin awakinta ta cikin waya.
Can ta ce: To, ta samu ta yi fitsarin?

A lokacin muna durƙushe, ni da Rumasa'u,
goshi a jikin keji kamar masu duban wata.
Tawul ya jiƙe, faɗin tafin hannu,
babu ja, babu kuka.
Na ce, Inna, yanzun nan ta yi.