Baƙin Curin Nakiwala

Da asuba, kafin masu babur su tashi Bwaise daga barci,
mahaifiyata Nakiwala na bin bayan rumfunan Kalerwe
da buhu biyu da sanda mai ƙugiya.
Ɓawon ayabar matoke take tsinta,
da totuwar masara, da tuƙar raken da aka tsotse aka tofar.
Awaki kaɗai ne abokan takararta.

Mata na mata dariya: "Yau ma bola ce gonarki?"
Takan ce, "Gona ce mana, wani ya riga ya nome min."

Kwana uku ɓawo na shan rana a kan kwanon ɗakinmu
har ya ƙeƙashe, ya naɗe kamar kunnen jemage.
Sai ganga. Wuta ta ƙasa, murfi ta sama,
a liƙe baki da laka.
Wutar da ta sha iska toka take bari,
wadda aka shaƙe ita ke haihuwar gawayi.

Ni ke daka, Kizza ke tankaɗe,
haƙoransa kaɗai ke shaida yana dariya.
Ita ke dama kunun rogo, ba na sha ba,
na ƙulla zumunci tsakanin gari da gari.
In ya tsinke curi ya ruguje,
in ya yi kauri riba ta gudu.
Ba ta da ma'auni sai tafin hannunta.

Injinmu guntun bututu ne
da jak ɗin wata mota da ta mutu tun ban yi wayo ba.
Kizza ya danna, ƙarfe ya yi gunji,
dunƙule ya fito da rami a cibiya.

Ruwan Afrilu ya zo mana tsakar dare bai yi sallama ba.
Curi ɗari huɗu muka shanya.
Da safe kwata ce ta ƙoshi.
Inna ta tsaya, ta duba, ta ɗauko shebur,
abin da ya rage ta sake matsawa.

Ssebuliba mai suyar capati ya ce
shi ba ya sayen kashin akuya.
Ta bar masa biyar kyauta.
Washegari ga shi a ƙofarmu yana sosa ƙeya:
wutar da ya hura da hantsi ta kai shi la'asar,
idonsa bai yi ja ba.

Babanmu shekara ashirin yana sarar itace a Nakasongola,
abin da ya tara tari ne.
Ran da ya dawo ya ɗauki curi ɗaya,
ya juya, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce.
Bai ce uffan ba.
Ya matso murhu, ya miƙa tafukansa,
ya daɗe yana kallon garwashin da ba shi da kututture.

Gatarinsa na nan bayan ƙofa.
Da ƙeyarsa yanzu muke farfasa gawayin da ya ƙi dakuwa.