Taku Ɗari Biyar

Ƙarfe goma na dare a Ikoyi,
janareta na gunjinsa a bayan gida,
Injiniya Bankole ya leƙo ta baranda:
"Baba Sallau, bar ƙofar nan ka hawo.
An ce a da kai maharbi ne."

Shekara goma sha ɗaya ina gadi a Legas,
yau aka fara tambaya.
Na cire takalmi a bakin kafet.

Ya baza takardu masu ƙyalli a kan tebur,
hotunan harsasai a jere kamar yatsun tagulla,
kowanne da lambarsa a ƙasa.
Watan gobe zai tashi zuwa Namibiya,
an yi masa alkawarin wani mai ƙaho
a fili fetal, ba kurmi, ba maɓoya.
Wannan ɗari uku ne, in ji shi, miƙe yake tafiya kamar zare.
Wannan ɗari uku da talatin da takwas,
ya fi nauyi, iska ba ta cika juya shi ba.
Wancan na bauna ne,
amma in tafiya ta yi nisa sai ya sunkuyar da kai.
"Wanne zai kayar daga taku ɗari biyar?"

Taku ɗari biyar.
Daga nan har gidan man da ke kan kwana, da ɗan ragowa.
A wannan nisan ba ka jin warin dabba,
ba ka ganin ƙudan da ke bakin idonta.

Ni adaka na gada wurin ubana Jatau:
albarushi, tsumma, guntayen ƙarfen da maƙeri ya sara,
harbi ɗaya, sai addu'a.
Mukan ja ciki tun raɓa ba ta bushe ba,
mu barbaɗa toka mu ga inda iska ta dosa,
sai mun ji ƙarar haƙori a kan ciyawa
kafin yatsa ya taɓa kunama.

Sau ɗaya na yi garaje.
Gwanki ne, a dajin yamma da garinmu,
ya tsaya can ƙetaren fadama, ni kuma ƙuruciya na ɗibata.
Na same shi a ciki, bayan haƙarƙari.
Kwana biyu ina bin jini,
ɗigo a ganyen kalgo, ɗigo a kan dutse,
inda ya durƙusa, inda ya sake tashi.
Ungulaye suka riga ni.
Jatau bai zage ni ba,
ya dai rataye bindigar a ɗakinsa har damina ta wuce.

Ban ba Injiniya wannan labarin ba.
Turancina guntu ne, Hausarsa ta cefane ce.
Na dafa kafaɗarsa,
laushi kamar burodin Agege da sassafe,
na ce: Oga, bindiga jaka ce, tana shuri.
In ta shure ka sau uku
ido zai riƙa runtsewa kafin ƙara,
mai runtsewa kuwa sa'a yake nema, ba saiti ba.
Ɗauki wanda kafaɗarka ba ta tsoro.
Canjin ka sayi takalmi mai kyau,
ka rage takun.

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa.
Ya ja da'ira da biro a kan mafi girma,
ya ba ni dubu biyu, na goro.

Ga ni a benci yanzu, tocila a cinya.
Iska ta taso daga bakin ruwa,
da gishiri-gishiri da warin dizal,
daga hagu zuwa dama, ba ƙarfi.
Na lashi yatsa na ɗaga, don sabo.
Can a wata ƙasa da ban taɓa takawa ba
wani mai ƙaho yana kiwonsa,
bai san an ja masa da'ira ba.

Wata gafiya ta fito daga kwata,
ta tsaya tana kallona, taku huɗu.
Ina ganin gashin bakinta yana motsi.
Na ɗage ƙafa, ta wuce.