Kalma Ɗari Biyu

Takardar ta ce: "Bayyana buƙatarku
a kalmomin da ba su wuce ɗari biyu ba."
Na ɗaga kai na dubi rufin aji uku,
inda ƙanƙarar bara ta huda kwano wuri ashirin da bakwai.
Na ce, to, kowace huda ta ɗauki kalma bakwai,
sha ɗayan da suka rage na gaisuwa ne.

Sunana Eusebia Llanque.
Ni ce shugaba, ni ce malamar lissafi,
ni ce mai kaɗa ƙararrawa ran da Nemesio ya tafi tonon dankali.
Yara arba'in da shida, can saman Tafkin Titikaka,
inda iska ba ta isar huhun baƙo,
sanyi kuwa ya ishi kowa har da ragi.

Waya ba ta kamawa sai a tudun maƙabarta.
Can nake hawa da yamma, in zauna gefen kakata,
in bi jerin masu bayarwa da ɗan yatsa:
wannan gidauniya ta rufe tun watan Maris,
wannan sai makaranta mai ɗalibi ɗari biyar,
wannan tana son hoton yara suna murmushi,
wannan tana son hotonsu ba sa yi.
Kakata ba ta tanka ba.
Dama tun tana raye ba ta son roƙo.

Wasu daga ƙetaren teku suka ce kwamfuta talatin za su aiko.
Na ce na gode, amma ruwa zai riga yara taɓa su.
Suka ce rufi ba ya cikin tsarinsu na bana.

Sai na koyi bakinsu.
Yoyo ya koma "ƙalubalen muhalli",
Florentina mai tsagaggen leɓe ta koma "mai cin gajiya",
bokitaina tara suka koma "matakin wucin gadi".
Na iya har na fara jin kunyar iyawar.

Sau goma sha ɗaya aka yi "baƙin cikin sanar da ni".
Huɗu sun zo a takarda mai kauri, fara tas,
na juya bayansu, yara suka rubuta jadawalin sau takwas.
An ce mai nema yana tare da samu.
Ba a faɗi nisan da ke tsakanin kujerunsu ba.

Ran wata Talata, 'yar Nemesio mai karɓar kuɗin mota
ta zo da wata sanarwa a ninke cikin hularta.
A bangon ƙungiyar mata masaƙa ta gan ta, a Puno,
rubutun hannu, har da kuskure biyu.
Duk shekara suna ware ribar bargo ɗaya cikin ashirin.
Ba su da shafi, ba su da tambari.
Sai dai ka zo da ƙafarka.

Na je da takarduna, shafi goma sha huɗu.
Wata tsohuwa, Hilaria, ba ta ko ajiye mazarinta ba.
Ta ce, "Huda nawa?"
Na ce ashirin da bakwai.
"Wa zai hau?"
Na ce iyayen yara, ran Asabar.
"Wa zai riƙe tsani?"
Na ce ni.
Ta dubi hannuna, ba takarduna ba.

Kuɗin bai kai ba, kada in yi muku ƙarya.
Kwano goma sha biyu ya saya, da ƙusa kilo uku.
Huda goma sha takwas sun yi shiru.
Tara na nan suna magana duk ran da hadari ya haɗo,
mun dai ja benci zuwa ɓangaren da ya bushe,
kafaɗa na gugar kafaɗa, ɗumi ya zo a kyauta.

Yau ma zan hau tudu.
Akwai wata sabuwa, tana rufewa ran Juma'a,
kalma ɗari da hamsin kawai ta yarda.
Na lissafa a hanya, Kaka:
yanzu kowace huda tana da sha shida.
Mun samu ci gaba.