Ɗakin Da Babu Oda

Shekara talatin ina jan keke mai ƙafa uku a Madurai,
na san kowane lungu daga gadar Vaigai har kasuwar furanni,
amma gida sittin da huɗu a kan tabarmar ɗakina
sun ɓatar da ni kamar baƙon da ya sauka da tsakar dare.

Tenmoli ce ta jawo. Jikata. Shekararta tara.
Ta dawo makaranta da allon shaɗaranji naɗe a hammata,
ta ce, "Kaka, zauna." Na zauna.
Taku huɗu kacal, ta ce sarkina ya mutu.
Ko tururin shayina bai gama tashi ba.

Na ce ai wasan yara ne.
Na kwana ina juyi.

Da farko yadda nake tuƙi haka na yi wasa:
in na hango rata sai in cusa kai.
Sarauniya nake fara turawa, ita kaɗai, cikin kasuwa,
dawakaina na barci a turke,
giwayena a lungu ba su san an soma ba.
Ta ajiye mini dakare, in cafke ina murmushi,
ashe ƙugiya ce a cikin loma.
Kwaɗayi mabuɗin wahala; na biya kuɗin makullin sau arba'in.

A tasharmu, ƙarƙashin tsamiya,
akwai Sellamuttu, tsohon mai rabon wasiƙu,
allonsa ba doki ɗaya, noti ya ɗaure da zare ya maye gurbin.
Bai koya mini dabarar cin kowa ba.
Ya ce, "Kafin ka miƙa hannu, zauna a kansa.
Tambayi kanka: mutumin can, me yake nema?"
Ya ce, "Tsakiyar allo mararraba ce, direba,
wanda ya tsaya nan shi ke ba da hannu.
Tashi yaranka duka, kai sarki ɗaki, sannan ka nemi faɗa."

Sai ya share allon, ya bar sarki biyu da giwa guda,
mako uku ina koyon kora zuwa bango.
Na ce yaushe za mu yi na gaske?
Ya ce wanda bai iya tsayawa ba, ina shi ina gudu?

Na fara rubuta wasannina a bayan rasit ɗin mai.
Da dare, fanka na kuka, ina bin sawun kaina
har in iso inda na kauce.
Kullum akwai wurin. Kullum ni ne.
Ba ɗan sanda, ba ramin titi, ba ruwan sama,
ba wanda zan leƙo ta gefe in zaga.
Abin ya yi ɗaci, sannan ya yi daɗi,
kamar kofin da aka manta ba a sa wa sukari ba.

Matata ta ce me ake samu? Ko rupi ɗaya?
Na rasa amsa. Yanzu da zan iya cewa:
duk yini ƙarar oda ce abincin kunnena,
a nan ne kaɗai mutum biyu ke gardama baki rufe,
su tashi su gaisa.
A nan dakare, wanda ba ya komawa baya,
in ya jure har ƙarshen titi, sai a canza masa suna.

Har yau ban ci Tenmoli ba.
Amma daren Talata shinkafa ta huce a kwano,
uwarta ta kira mu sau uku,
na aje dokina a tsakiya, inda ba mai korarsa,
sai na ga ƙafar nan tata da ke lilo tun farkon wasa
ta tsaya.
Ta tallabe haɓa. Ta daɗe.
Ta ce, "Kaka, wa ya nuna maka wannan?"